Girman Tagwayen Yalwan Damai

Magana ta bazu a Birnin Kudu cewa wai mai yawan tafiya da gudu ba ya tsufa kamar na zaune. A waya aka gani. Hajiya Juwairiyya, tsohuwar malamar kimiyya, ta taɓe baki, har maganar ta shigo gidansu.

Ƙannenta tagwaye, Jafaru da Hambali, ke rigima kan wanda zai zama waliyyin Munawwara, 'yar wansu marigayi. Babba ke ba da aure. Jafaru ya riga fitowa duniya, amma ya tsufa yana jan babbar mota tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. Hambali kuwa bai taɓa barin gonarsa a Yalwan Damai ba.

“Yaya, ilimi ya ce ya koma ƙanena,” in ji Hambali. “Ya kawo goron ban girma.”

“Ƙarya yake!” in ji Jafaru. “Ni ina zaune a kujerata, garuruwa ke wucewa da gudu. Shi ke tafiya, har da gonarsa.”

Wannan ta burge Hajiya. Direba ne, amma ya taɓo tambayar da ta sha kayar da ɗalibanta. Ba ta yanke hukunci ba. Ran kasuwar Gwaram ta haye gaban motar Jafaru, idonta a kan allurar gudu. Da ya taka birki zai juya, goshinta ya kusa bugar gilashi.

“Gonar Hambali ta taɓa jin wannan?” ta ce. “Wanda ya taka birki ya juyo, shi ya yi tafiya. Kai ne.”

Jafaru ya juya motar, suka koma gida.

Da yamma ta zaunar da su, ta yi lissafinta a ƙasa da tsinken tsintsiya, tana gyara tabarau kamar tana gaban allo.

“Hambali, ka yi gaskiya, lokacinsa ya fi naka tafiyar hawainiya.”

Hambali ya gyara hula.

“Duk tuƙinsa ya rage masa wajen kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Ranar haihuwarku kuwa ina tsakar gida. Da aka haife shi na ɗora ruwan zafi, sai da ya tafasa ka fito. Jafaru ne babba.”