Yashin Ƙofar Baba Kimba

"Ɗaga shi daga nan. Na ce ɗaga shi!"

Karo na uku ke nan Hasanatu na ɗaukar teburin nan tana zagaye tsakar gida da shi. Baba Kimba, maƙwabcinsu na ɗakin ƙurya, yana kishingiɗe a tabarma, tari na cinsa, amma bakin nan nasa bai mutu ba. Rediyon wani ɗaki na ta rera waƙoƙin jam'iyya, wadda dama ita kaɗai ce a ƙasar.

Shekara biyu Hasanatu ta yi tana koyon gyaran farce a shagon wata Madam a unguwar Adawlato ta birnin Lomé. Da ta gama sai ta share ɗakin gaba na gidan hayarsu a Zongo, ta kafa madubi, ta jera kwalaben jan farce. Mata suka zo, suka yaba, kowacce ta koma gida da farcenta. Mako uku ba wadda ta miƙo hannu. Innarta Rahmatu ta ce in wata ya ƙare a haka, kasuwar Assigamé za ta koma auna atamfa a rumfar gwaggonta, aikin da Hasanatu ta ƙi jini.

Shi kuwa Baba Kimba shekara arba'in ya yi yana yawo a titunan Lomé yana kaɗa almakashi, yana yanke wa mutane farce, kafin ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Shi ya aika aka kira ta, ya ce ta fito da teburin.

"Baba, wallahi na gaji," in ji ta. "Madam ta ce abu uku ake dubawa: haske, iska, tsabta. Ɗakina na da duka."

"Madam ɗin taki 'yar Zongo ce?"

"A'a."

"To. In kin yanke farcen, ina yake zuwa?"

"Sai in share in kai bola mana."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Bola! Wace mace ce a Zongon nan za ta bar miki guntun jikinta a kan siminti, ta tafi ba ta san hannun wa zai faɗa ba? Farce binne shi ake yi, 'yar boko, kuma a gaban mai shi."

Kunya ta kama Hasanatu. Tun tana ƙarama take ganin Inna na tona ƙasa ta rufe nata, amma ko sau ɗaya abin bai zo mata a rai ba.

Duk tsakar gidan daɓen siminti ne, sai wani ɗan fili na yashi a ƙofar Baba Kimba, ƙarƙashin darbejiya. Lokacin da mai gida ya zo daɓe, tsohon ya zauna daram a wurin ya ƙi tashi, har magina suka haƙura. Nan ya sa ta ajiye teburin, ya sa ta juya shi har haske ya zo ta kafaɗarta ta hagu, don kada inuwar hannunta ta rufe yatsa. Sannan ya miƙo nasa hannun, wanda ya rame ƙwarai.

"Bismillah. Ban taɓa zama an yi mini ba."

Ta yanke, ta goge, a hankali. "Saura jan farce, Baba. Ja kake so ko ruwan hoda?"

"Ja'ira! So kike mala'iku su yi mini dariya?"

Ta tona yashi da cokali ta binne. Ya duba yatsunsa ɗaya-ɗaya, ya ce aikin ba laifi, ko da yake da a hannunsa ne da tuni an gama mutum uku.

Kwana biyar ya ƙara, yana kwance yana ba da umarni kamar mai shago. Ranar Alhamis bayan la'asar ya ce a gyara masa matashi, ya yi salati, rai ya yi halinsa. Hasanatu ta yi kuka sosai, don ta so tsohon nan.

Sadakar uku ta faɗo a ranar ƙarshen wata. Mata suka cika gidan, ana ta ba da labarin tsiyar bakinsa, ana dariya ana share hawaye. Hajiya Kulsum, dillaliyar da duk Zongo ke shakkar harshenta, ta tsaya gaban teburin.

"Ke ce kika yi wa marigayi? Masu wanka sun ce ba su taɓa ganin hannun tsoho tsaf haka ba." Ta dubi ƙasa, ta shuri yashin da takalminta. "Bon," in ji ta da Faransanci, wato da kyau.

Ta zauna, kujerar ta yi ƙara, ta miƙo hannun dama. Inna Rahmatu ta fito da tiren masa ta tsaya a bakin ƙofa, ta manta inda za ta kai shi.

Da aka gama yatsu biyar, Hasanatu ta duƙa ta tona, ta zuba, ta rufe. Hajiya ta danne wurin da dunduniyarta, ta miƙo hannun hagu. A bayanta mata biyu suka jawo benci zuwa inuwa.