Dalma a Jikin Kwalba

Shekara ashirin da biyu Malam Alli yana koyarwa a sashen ilimin sinadarai na jami'a. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya fitowa daga aji sai hannun rigarsa ya yi fari fat. Yakan cika allo, ya share, ya sake cikawa, kuma duk wanda ya bi ta hannunsa ya iya lissafi ko da daga barci aka tashe shi.

Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa har da wata mai yawan tambaya, wadda ta tafi ƙaro karatu ta dawo, yanzu kowa Dakta yake ce mata. Ita kam ba ta zaman aji. Sai ta kwashi ɗalibai su je bakin rafin da ke bayan masana'antu su ɗebo ruwa a kwalabe, su dawo su auna dalmar da ke ciki, wato gubar nan mai lahanta yara. Daga nan su ƙona ɓawon gyaɗa ya zama gawayi, su tace ruwan da shi, su sake aunawa. Kafin shekara biyu sashen gaba ɗaya ya karkata ga binciken ruwa. Shugaban sashe ya ba ta babban ɗakin gwaji mai tagogi huɗu, wanda Malam Alli ya yi shekara tara yana nema.

Bana ɗalibai goma sha bakwai suka rubuta sunanta don aikin kammala karatu. Biyu suka rubuta nasa, ɗaya ma don wurinta ya cika ne.

"Wai ƙona ɓawo shi ne ilimi," ya ce wa matarsa yana cire takalmi. "Ni na koya mata riƙe kwalba fa."

"To ai abin alfahari ne, Malam."

"Alfaharin me?"

"Au, ashe ciwo ne. Bari in kawo maka ruwa, wanda ba a tace da ɓawo ba."

Bai yi dariya ba.

Ranar Talata yana wucewa ta ƙofar ɗakin gwajin, ya ga kwalaben ruwan da aka tace jere a kan tebur, an rubuta kwanan wata a jikinsu. Sun kwana shida. Ya ɗauki littafin aikin ya duba, babu inda aka ce an ɗiga musu asid. Shi kuwa ya san idan ruwa ya daɗe haka, dalma takan manne a jikin gilashi, na'ura ta nuna ta ragu alhali kwalba ce ta riƙe ta. Ofishin Dakta taku goma ne daga nan. Ya tsaya, ya dubi ƙofarta, ya ajiye littafin yadda ya same shi, ya wuce. Ranar Alhamis za ta gabatar da sakamakon a gaban sashe da baƙi. Sai ya ji wani sanyi a ransa, irin wanda ya daɗe bai ji ba.

Alhamis zauren ya cika maƙil. Ta gama bayani, aka yi ta tafi. Malam Alli ya miƙe a hankali, ya gyara tabarau.

"Dakta, ruwan da kuka tace, kwana nawa ya yi a kwalba? Kuma wa ya ɗiga masa asid?"

Ta dubi ɗalibanta, suka sunkuyar da kai. Ya jira ta fara kame-kame.

"Ba mu ɗiga ba, Malam," ta ce. "Laifina ne, ban bincika ba. Kun gani ko? Tun ina aji biyu ya koya mini wannan, na saki. Sakamakon nan a ajiye shi, za mu sake daga farko."

Tafin da aka yi mata ya fi na farko. Shugaban sashe har ya tashi yana cewa haka ake son mai bincike. Malam Alli ya koma ya zauna.

A bakin ƙofa ta tare shi. "Malam, don Allah ka riƙa shigowa ranar Litinin kana duba mana. Yaran nan hannunsu ya iya aiki, amma tushe bai zauna ba."

Ya so ya ce ba shi da lokaci. Ya ce, "To, ma gani."

Litinin tun kafin ƙarfe takwas yana ɗakin. Wata biyu suka yi suna sake aikin, shi ke duba kowace kwalba. Gawayin ya ci jarrabawa: yana cire dalmar, ko da yake bai kai yadda aka faɗa da farko ba. Ranar da suka kammala, da ya koma gida matarsa ta tambaye shi yadda aka ƙare.

"Abin yana aiki," ya ce, ya ja tsaki. "Yarinyar nan da sa'a take."