Jelar Kazar Genowefa

Shekara goma sha ɗaya Ignacy yana yi wa kazar nan aski shi kaɗai. Ba kazar miya ba ce, bukshpan ne, ɗan itacen nan mai ƙananan ganye da ko ƙanƙara ba ta hana shi kore. Matarsa Genowefa ce ta shuka shi a ƙofar gida, ta bi shi da almakashi har ya fitar da wuya da jela. Da ta rasu, kazar ce ta rage masa.

Duk jajibirin Ista kuwa sai an yi rigima. Ba mai kai kwandon ƙwai da burodi coci a sa masa albarka ba tare da ganyen bukshpan a bakinsa ba, ita kuma maƙwabciyarsa Pani Leokadia, wato Malama Leokadia, sai ta miƙo hannu ta kan shinge ta ɓalle nata a jikin kazar.

"Pani Leokadia, ba kya tsoron Allah? A jela kuma!"

"Haba maƙwabci, kaza ce, gashi zai fito. Rowa har da ganye?"

Bana tsutsa ta sauka a ƙauyen. Ignacy ya tsince da hannu, ya yi feshi, duk a banza. Cikin mako biyu kazar ta koma ƙirare da yanar tsutsa. Ya ɗauko zarto ya kasa sarewa, ya zauna a dakali, baƙin ciki kamar yau aka binne Genowefa.

Sai ga Leokadia tana turo baro, tukwane bakwai a ciki, kowace da ɗan bukshpan kore shar.

"Ga jelarka. Ka zaci zubarwa nake yi? Abin da aka sa wa albarka? Bayan Ista nakan soka shi a yashi mai laima in kifa kwalba. Bakwai suka kama. A ɗakin gilashina na rainon shuka suke, tsutsa ba ta gan su ba."

Ignacy ya shafa ganyen, ya sansana yatsunsa. Ƙanshin nan ne dai. Ashe ɓarnar da ya yi shekaru yana wa ihu ajiya ce.

"Allah ya biya ki. Shekara nawa kafin ta zama kaza?"

"Goma, in ka rage masifa."

Ya shiga ya ɗauko almakashin Genowefa, ya yanke reshen da ya fi kyau a cikin tukwanen, ya miƙa mata.

"Ajiye mini wannan ma."