Kusurwar Iya Ropo

Ropo ya danna sabuwar kula mai ninkewa da tafin hannu, sai ga abin da ke haɗiye ƙanƙara da lemo kamar rijiya ya lafe, ya koma faifai. Duk gidan hayarmu na unguwar Mushin aka ɗauki shewa. Ni da na fito da sunan shanya, zanen a kafaɗata ya bushe.

"Sake yi, ɗan albarka," in ji uwarsa, Iya Ropo, tana tafi.

Dole ta yi murna. Su shida ne a ɗaki ɗaya, ga jibga-jibgan kulolin Morenike, matar Ropo, mai sayar da lemo a bakin titi. Bangonmu ba ya riƙe sirri, kunnena kuma bai tsufa ba. Na ji ana cewa in wuri bai samu ba tsohuwa za ta koma ƙauye, inda ba ta da kowa sai kaburbura.

"Iya Alata, kin gani?" ta ce mini. "Wuri ya samu. Sai dai ki mutu ki bar ni a Legas."

"Ke za ki riga ni, mai baki ba haƙori."

*

Abu ya zama biki. Yau tebur mai ninkewa, gobe jakar tufafi da ake zuƙe wa iska har ta shige ƙarƙashin gado. Iya Ropo da bakinta ta ce a fitar da gadon ƙarfenta na aure, a kawo katifar da ake naɗewa. Ranar rawa ta taka a tsakar ɗaki, hannuwa a buɗe, ba ta taɓa bango ba.

Sai maƙwabta suka fara: "Morenike, samo mini irin kularki." Morenike ta hango kasuwa. Kwalaye suka yi ta shigowa, kuma abu ko yana ninkewa, in ya yi yawa tsauni ne. Suka cinye kusurwar da gadon ya bari.

"Mama, kaya ba sa son laima," in ji Ropo, idonsa a ƙasa. "Ki ɗan ba su wurinki, na kwana biyu ne."

*

Da safe zan je ɗibar ruwa na same ta ƙarƙashin matakala, kan katifar nan, gwiwa a haɓa, don wurin bai kai tsawonta ba.

"Ƙawata, me kike yi nan?"

"Rufa mini asiri, uwar gulma. Ai ba su ce ƙauye ba." Ta ƙara janye ƙafafunta kada masu wucewa su yi tuntuɓe. "Kin ga ko wuri ban ci ba."