Mai Ba da Bayani na Ɗaya

A sashen tarihi na kwalejin, Auta ake ce mata, don ita aka ɗauka aiki a ƙarshe, kuma ita ake tunawa da ita a ƙarshe. Ofishinta yana can ƙuryar baranda, bayan ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. A da ma'ajiyar taswirori ne, har yanzu in ta ja durowa sai ta tarar da wata nahiya a nannaɗe. Shekararta biyu a garin, amma in aka cire ɗalibai, babu wanda zai lura ko da ta kwana uku ba ta leƙo ba. Mahaifiyarta kan kira ta ranar Asabar ta ce, "Kina dai cin abinci ko?" Ta ce tana ci. Sai kowa ya ajiye waya.

Aikin nata na gwaji ne, shekara uku. Wanda wa'adinsa ya cika bai nuna wani bincike ba, sai a rubuta masa kyakkyawar wasiƙar godiya a nuna masa ƙofa. Abin da zai iya cetonta shi ne tallafin bincike da kwalejin ke bai wa ƙananan malaman tarihi da adabi da falsafa, mutum uku kacal a shekara. Wanda ya samu, ya tsaya da ƙafarsa. Wannan ita ce shekararta ta ƙarshe ta nema.

Bincikenta a kan ma'aikatan tsohuwar maɗaba'ar garin ne, waɗanda suke jera haruffan dalma da hannu, ɗaya bayan ɗaya, kafin kwamfuta ta kore su. An rufe wurin shekara ashirin ke nan. Ta bi sawunsu ta samu mutum ɗaya ya rage da ransa da hankalinsa, wani tsoho da 'yan unguwa ke kira Baba Mai Dalma. A saman wani shagon gyaran agogo yake zaune shi kaɗai, ɗaki ɗaya, taga ɗaya, kujera biyu.

To, masu bincike suna da dokarsu. Ba a naɗar muryar mutum, ba a ma rubuta abin da ya faɗa, sai kwamitin ƙa'idojin bincike ya amince, shi mutumin kuma ya sa hannu a takardar yarda. Duk abin da aka tara kafin nan shara ne, yana ma iya jawo a soke tallafin. Auta kuwa mace ce mai tsoron doka kamar me. Don haka wata bakwai tana zuwa wurin Baba duk Alhamis hannu rabbana, ko biro ba ta fitarwa. Ya dafa shayi, ita ta wanke kofuna, ya yi ta ba ta labari.

Ya gaya mata yadda suke karanta rubutu a juye kuma a baibai, har ya zama in an miƙo masa jarida daidai sai ya ji kamar ba ta zauna ba. Ya gaya mata ranar da ya zubar da shafi guda a ƙasa saura awa ɗaya a buga, ya durƙusa yana tsintar haruffa yana kuka, da gemunsa. Yana ce mata 'yata. In ta makara sai ya ce, "Na ɗauka kin samu wani tsohon da ya fi ni surutu." A garin nan kaf, shi kaɗai ne ya taɓa tambayarta me ya sa idonta ya faɗa.

Ranar da take cika fom ɗin kwamiti, ta kai wa Farfesa, shugaban sashe, ya duba mata. Yana tsaye ya duba, makullin mota a hannu.

"Nan wajen, ki zaɓi ɓoye suna," ya ce. "Kowa haka yake yi. Kika ce za ki ambaci sunan mutum, sai su dawo miki da tambaya ashirin, shekara ta ƙare kina amsawa."

Ta sa alama a akwatin. Ko minti ɗaya abin bai ɗauke ta ba, kuma ba ta sake tunawa da shi ba.

Tallafin ya fito, sunanta na biyu a cikin ukun. Aka yi ɗan taro a zauren malamai, aka raba lemo da biskit, aka tafa. Wani babban malami ya taya ta murna sosai, sannan ya tambaye ta a wane sashe take. Ta kira mahaifiyarta, ita kuma ta ce, "Madalla. To yanzu za ki riƙa zuwa gida ke nan?" Auta ta koma ofis ta zauna da wasiƙar a cinya, daɗi ya cika ta, ta rasa inda za ta kai shi. Haka ta riƙe abinta har Alhamis.

Ta hau matakalar Baba da sabuwar rikoda da takardar yarda mai hatimin kwamiti. Tsohon ya yi murna har ya manta ruwan shayi a wuta.

"Ai na faɗa miki! Kawo, kawo in gani."

"Hannu kawai za ka sa a ƙasa, Baba. Babu komai a ciki, duk surutun ofis ne."

"Ni za ki ce wa babu komai a cikin rubutu?"

Ya sa tabarau, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya bi takardar layi-layi. Ya zagaye wani waƙafi da ya ɓata hanya. Ya ja layi ƙarƙashin wata kalma da aka maimaita, yana tsaki yana cewa da a wurinsu ne da mai wannan aikin ya kwana yana gyara. Auta tana dariya. Sai fensirin ya tsaya a sakin layi na bakwai, ya daɗe a wurin.

Ya karanta a fili, a hankali: "Ba za a ambaci sunan mai ba da bayani a ko'ina ba. Za a kira shi Mai Ba da Bayani na Ɗaya." Ya ɗago. "Wane ne wannan?"

"Kai ne, Baba. Don kariyarka ake yi."

"Kariya daga wa? Wa ya rage da zai yi min wani abu?"



"Shekara arba'in da ɗaya," in ji shi, "ina jera sunayen mutane. Waɗanda suka ci jarrabawa, waɗanda aka ƙara wa girma, waɗanda suka rasu. Marubuci ya rubuta shirme in gyara masa, sunansa ya fito da manyan baƙaƙe. Har ɓarayi na jera sunansu, ban taɓa kuskuren harafi ba. Nawa bai taɓa shan tawada ba ko sau ɗaya. Da kika ce littafi, na ce to, ashe da rabona." Ya miƙo mata fensirin. "Ba komai. Kuskure ne, ana yi. Soke layin."

Ta dubi fensirin. Takarda mai hatimi ce, in aka taɓa ta ta mutu, da ita da duk abin da aka naɗa a kanta. Canza sharaɗi sai kwamiti ya sake zama, kuma ba zai zauna ba sai bayan wata bakwai. Ita kuwa wata biyar ya rage a duba aikinta. Ta yi masa wannan bayanin dalla-dalla, da kyakkyawan tsari, irin yadda take yi a aji, tana jin muryarta tana ƙyamar kanta. Hannunsa yana miƙe har ta gama, ba ta karɓi fensirin ba.

"In ban sa hannu ba fa?"

"Aikina ya tafi, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ke naki sunan zai fito a bangon littafin?"

"Zai fito."

"Da kyau. Ki tabbata sun rubuta shi daidai."

Ya ajiye fensir ya nemi biro. Ya gyara takardar a kan gwiwarsa, ya rubuta cikakken sunansa, harafi-harafi, a miƙe, da tsabta kamar bugun inji. Ya hura tawadar ya miƙa mata.

"Wannan takardar ina ake kai ta?"

"Ana kulle ta a kabad. Bayan shekara biyar a ƙone."

Ya tashi ya kashe wutar da ruwan ya ƙone a kanta, bai ɗora wani ba. Ya dawo ya ja kujerarsa baya kaɗan, ya gyara wuyan riga, ya haɗa hannuwa a cinya irin zaman wanda ya zo ofis. Auta ta ji kaɗaici ya rufe ta a ɗakin nan, wanda ko a ofishinta ba ta taɓa jin irinsa ba. Ta so ta ce a bari sai wani makon, ta so ta ce masa ya yi haƙuri.

"Bismillah, Dakta," ya ce. "Mai Ba da Bayani na Ɗaya ya shirya."

Ta danna maɓallin rikodar.