Garin Kobalt a Turmi

Wayoyi kawai Malama ta zo cirewa daga jikin ƙwayar sinadarin da ta auna, amma tana leƙa madubin ƙara girma ta gane kuskuren nata ne.

Wannan sinadarin na kobalt falle-falle yake, kamar takardun da aka jibga. In an ɗumama gefe ɗaya, lantarki kan bi tsawon fallayen a guje; in aka ce ya ratsa su daga sama zuwa ƙasa, sai ya yi ta jan ƙafa. Sabon shiga ma ya san haka. Ita kuwa, shugabar ɗakin bincike guda, sama da ƙasa ta manna wayoyin, ranar da take sauri ta ɗauko 'yarta daga makaranta.

Ƙwayoyin na ɗalibinta ne, wanda ake tsokana da Mai Tanderu, don kullum yana gadin wutar da ke gasa su. Magidanci ne har da furfura, ya bar koyarwa ya dawo neman digiri. Tun bara yake fama kafin su fito masa baƙaƙe, sumul, suna sheƙi. Da awon lantarkin ya fito ba armashi, a gaban kowa ta wanke shi tas. Ta ce shara ya gasa, ya niƙe su ya sake sabon lale. 

Yanzu kunya ta rufe ta. Ƙwayar da ta auna ta tsage wajen mannawa, amma sauran suna kwalbarsa. Ta nufi ɗakin tanderu har tana tuntuɓe.

Tun daga ƙofa ta ji ƙarar taɓarya. Yana zaune, hannun riga a naɗe, ƙaramin turmin cike da baƙin gari. Kwalbar na gefe, wayam.

Ya miƙe da sauri. "Sannu da zuwa, Malama. Na kusa gamawa."

"Duka ka niƙe?"

"Duka, kamar yadda kika ce. Maiɗakina ta ce in ajiye ko ɗaya ce don tarihi, na ce mata a'a, Malama ta fi mu sani." Ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, na ɓata miki lokaci."

Ta tsaya tana kallon baƙin garin. Ganin ta yi shiru, ya ɗauka fushin ne bai huce ba, sai ya koma ya zauna ya ci gaba da niƙa.