Kwaɗo a Keken Falalu

A zauren Halliru magini, bayan masallacin unguwarsu a Kazaure, akwai wata ƙugiyar ƙarfe kafe a bangon gabas, sama da kan mutum kaɗan. A nan keken ɗansa Falalu yake kwana a tsaye, ƙafar gaba a sama, ta baya jingine da bango, kamar akuyar da ta miƙe tana cin ganye.

Falalu ne ya zo da wannan dabara daga garejin En'e, wato hukumar gargajiya, inda yake aikin wanke injin motoci. A can haka ake rataye kekunan masinjoji a jere jikin bango, don su bar wa mota wuri, kuma don kada tayoyi su tsage da zaman ƙasa. Ranar da ya sayi nasa keken ya zo da ƙugiya da guduma zai buga. Halliru ya dubi inda ya saita, ya ce da bangon, ba da yaron ba, "Nan ba zai riƙe ba." Da hannunsa ya fafe wurin, ya binne guntun icen kirya a kwance, ya mayar da ƙasa, ya yaɓe da makuba. Sai da aka yi kwana bakwai ya bushe sannan ya bari aka buga ƙugiyar.

Haka maganarsu take tun fil azal, ta kan bango ko ta bakin wani. Falalu ɗan fari ne, kuma Halliru mutum ne mai riƙe da kunya irin ta iyayensa. Shekara ashirin da huɗu bai taɓa kiran sunan yaron ba. In zai yi zancensa da matarsa Kaltume, sai ya ce "wancan". Ƙannen Falalu biyu, Sama'ilu da Dela, su ne ya ɗauka a kafaɗa, su ne ya kira sunayensu safe da yamma. Sanƙarau ya kwashe su a mako guda, shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Aka bar shi da wanda ba ya iya kiran sunansa.

A shekarar da wannan abu ya faru, matar Falalu, Saude, tana gidan iyayenta a Kanya Babba. Ta je goyon ciki, ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace, tana wankan jego. Duk Asabar biyu Falalu yakan sauke keke bayan asuba ya tafi, ya dawo Lahadi da yamma ya mayar da shi kan ƙugiya.

Da bazara ta kankama, ciwon sanƙarau ya sake dawowa. Mai shela ya zaga gari ya ce an rufe kasuwanni, an hana taron biki, kowa ya riƙa kwana a tsakar gida, wanda ba shi da larura ya zauna garinsu. Labarin da ke zuwa daga ƙauyukan gabas ba daɗi. Ana cewa akwai inda ake haƙa kabari tun kafin a san na wane ne.

Ranar Alhamis da hantsi, bayan Falalu ya tafi aiki a ƙafa, Halliru ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ciro kwaɗo da guntuwar sarƙa. Ya taka turmi, ya zura sarƙar ta cikin ƙafar gaba, ya zagaya ta da ƙugiyar, ya datse. Mabuɗin ya sa a cikin jakar layar da ke wuyansa.

Da yamma Falalu ya dawo. Halliru yana zaune a kan buzu yana jan carbi, bai ɗago ba, amma yana jin yaron ya tsaya a gaban bangon. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum, ya shige cikin gida.

Asabar ta zo ta wuce, keke yana rataye. Halliru ya sami barci a makon nan irin wanda ya daɗe bai samu ba.

Ranar Talata bayan la'asar, Abu mai jakuna, wanda ke kawo kanwa daga wajen Babura, ya yi sallama. Bai shiga zaure ba, daga bakin ƙofa ya tsaya, ya rufe baki da rawani. Ya ce surukai sun aiko shi. Saude kwana biyu ke nan tana zazzaɓi, jiya kuma wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa. Jaririyar lafiyarta ƙalau, an raba su ɗaki.

Bayan tafiyarsa Falalu ya zo ya tsuguna nesa kaɗan da buzun uban, kansa a ƙasa.

"Baba, mabuɗin."

"An yi shela. Kai ma ka ji."

"An ce wanda ba shi da larura."

"Tana da uwa, tana da uba. Me za ka yi mata da ba za su yi ba?"

"Ba abin da zan yi mata, Baba. In gan ta dai."

Halliru ya dubi bango. Ya san wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa. Ya taɓa tallafe irinsa biyu a tafin hannunsa. Ya ce, "Na gama magana."

Falalu ya ce, "To, Baba." Ya tashi.

Washegari Halliru ya fita da sassafe duba wani soro da yake yi wa yaɓe kafin damina. Da rana ta ɗaga ya dawo shan koko. Yana shiga zaure idonsa ya fara zuwa kan bango. Keke yana nan, sarƙa tana nan. Ya yi hamdala a zuci.

Kaltume tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ajiye masa ƙwarya ba ta dube shi ba.

"Wancan ya tafi aiki?" ya tambaya.

"Ya tafi dai."

"Ina?"

"Inda ka sani."

"Keke ga shi can a rataye."

"Ƙafafun nasa fa, Malam? Su ma ka sa musu kwaɗo?"

Halliru ya ajiye ludayi. "Kina gani kika bar shi?"

"Ni ce ma na ƙulla masa ƙuli-ƙuli da gorar ruwa. Tun da aka idar da asuba ya fita." Ta karkaɗe rariya a gefen ƙwarya. Muryarta ba ta tashi ba. "Da a keke ne, kafin la'asar ya isa, ba ya sauka ko'ina. Yanzu sai ya kwana a hanya. A zauren wa zai kwana? Gorar nan kafin azahar ta ƙare. Randar wa zai sha? Duk ƙauyukan da kake gudar masa, ka sa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, yana sallama."

Ya zauna yana kallon kokon yana yin fata a sama. A ransa yana lissafa garuruwan da ke kan hanyar, da abin da aka faɗa game da kowanne.

Ya miƙe ya koma zaure. Ya jawo turmi ya taka, ya ciro mabuɗi daga wuyansa. Sai a karo na uku kwaɗon ya buɗe. Keken ya fi yadda yake zato nauyi. Yaron da hannu biyu yake cira shi sau ɗaya ya dire, shi kuwa da ya zare shi daga ƙugiya sai ya taho masa gaba ɗaya, feda ta daki ƙashin ƙafarsa. Tayar baya ta yi laushi. Ya zare famfo daga jikin keken ya durƙusa ya yi ta bugawa, yadda ya sha ganin ana yi ta gefen ido.

Kaltume ta leƙo. "Wa za ka aika?"

"Ɗan wa zan tura can?"

"Malam, kai da sau ɗaya ka taɓa hawa, ka ƙare a cikin dangar Mairo maƙwabciyarmu."

"Sau biyu."

"Na biyun ai ba a lissafa shi, riƙe ka aka yi."

Ta koma ciki, ta dawo da wata gorar cike da ruwa, ta ɗaura a bayan sirdi da kanta. Ta ƙulle igiyar sau uku.

Ya tura keken har bayan gari, inda duwatsu suka kare shi daga idon mutane, sannan ya tattare rigarsa ya cusa a wando ya hau. Kan keken ya yi ta karkata hagu da dama. Ya faɗi kafin ya kai gonar farko. Ya tashi ya sake hawa. A inda ƙasa take da tauri yana tafiya, a inda rairayi ya yi yawa sai ƙafar gaba ta nutse ta kayar da shi, ya sauka ya tura da gudu-gudu har ya fita. Gwiwarsa ta fashe, jini ya manne da wando.

Wata Bafulatana da ƙwaryar nono a ka ta ratse gefe ta ba shi hanya. "Sannu, Baffa. Kai ke hawansa ko shi ke hawanka?"

"Kin ga wani saurayi ya wuce, dogo, da gora a kafaɗa?"

"Mai baƙin mai a hannu? Ya wuce tun ɗazu. Ko gaisuwata bai amsa ba."

Ya wuce ƙauye biyu bai tsaya ba. A na biyun ya hangi maza shida a bayan gari da fartanya da kwando, ba mai magana a cikinsu. Ya kawar da kai ya danna feda.

Rana ta take tsaka lokacin da ya hango Falalu. Hanya ta miƙe tsakanin gonaki da ba komai a cikinsu sai kututturen dawa, ga mutum can gaba yana tafiya da sauri, gora tana lilo a bayansa, da ganin yadda take lilo babu ruwa a ciki. Gabansa kaɗan ga rufin bukkokin wani ƙauye, kuma ya fara karkata wajen.

A nan rairayi ya sake kama keken. Halliru ya dire ƙafa, numfashinsa na fita da ƙyar. Ya buɗe baki zai yi kira. Sunan ya zo har maƙogwaronsa ya tsaya. Shekara ashirin da huɗu harshensa bai taɓa juya shi ba. Ya ce, "Kai," amma iska ta ɗauke. Yaron yana ƙara nisa.

Sai babban yatsansa ya faɗa kan ƙararrawa. Ya kaɗa. Ya sake kaɗawa, ya yi ta kaɗawa bai tsaya ba.

Falalu ya tsaya cak. Ya san ƙarar, tana da 'yar gargada tun ranar da ƙararrawar ta faɗi a gareji. Ya juyo, ya sa hannu ya kare rana, sannan ya taho da gudu.

Da ya iso ya zube a kan rairayi mai zafi. Idonsa ya sauka kan wandon uban.

"Baba, ƙafarka."

"Ba komai." Halliru ya miƙa masa kan keken yana kallon gonaki. "Ruwa na nan a baya. Kada a sauka ko'ina. Kada a sha na kowa. In an isa, a kwana a waje, ba a ɗaki ba."

"To, Baba. Kai fa, yaya za ka koma?"

"Da me na saba zuwa ko'ina?"

Falalu ya kwance gorar zai raba ruwan biyu. Halliru ya ce a mayar. Ya tsaya har yaron ya hau, ya ga yadda keken ya miƙe sumul a ƙarƙashinsa kamar ba shi ne ya yi ta kayar da mutum ba. Sai da yaron ya ɓace sannan Halliru ya juya. Ya shiga Kazaure ana kiran magariba, yana ɗingishi.

Kwana goma sha ɗaya ƙugiyar tana nan ba komai a kanta. A bango akwai baƙin tabo inda tayar baya take jingina. Halliru ya daina zama a zaure, ya mayar da buzunsa ƙofar gida, inda ake hango hanyar gabas. Ba wanda ya zo daga can.

Rana ta goma sha biyu ya dawo daga sallar azahar, ya shiga zaure, ya tarar da keken a tsaye jikin bango, yana ɗan lilo a kan ƙugiya bai gama tsayawa ba. Falalu yana tsugune a ƙarƙashinsa. Ya rame, idanunsa sun faɗa.

"Baba, Saude ta rasu. Kwana biyu bayan zuwana."

Halliru ya yi salati, ya yi mata addu'a. Ya zauna a ƙasa, don babu buzu.

"Na same ta da hankalinta," in ji Falalu. "Ta gane ni. Mun yi magana har yamma. Washegari ne ba ta ƙara sanin kowa ba." Ya dubi keken. "Da a ƙafa na ƙarasa, da ban samu ba."

Halliru ya tuna Asabar ɗin da ta wuce keke yana ɗaure, lokacin tana da lafiyarta. Ya san yaron ma ya tuna, kuma ba zai taɓa faɗa ba.

"Yarinyar fa?"

"Tana wurin kakarta. Yayar Saude tana shayar da ita."

Falalu ya sunkuyar da kai. Halliru, wanda bai saba kallonsa kai tsaye ba, ya zuba wa wuyan ido. Ya ga ya lanƙwasu har haɓa ta taɓa ƙirji, ba tauri, ba ciwo. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya saki numfashi a hankali, ya mayar da idonsa kan bango.

Sarƙar da kwaɗon suna nan a gindin bango inda ya yar da su tun ranar. Ya miƙa hannu ya tattara, ya jefa cikin akwatin kayan aiki, ya rufe.

"Ran Asabar akwai geron da za a kai musu," ya ce da bangon. "A duba tayar baya kafin nan. Tana sace iska."